Jiƙaƙƙen Ice a Murhun Goggo

Goggo ce ta laƙaba mata suna Lasifika, tun tana 'yar shekara bakwai, lokacin da take tsayawa a bakin rumfa ta kira direbobi su zo abinci ya sauka. Muryarta takan keta ƙarar motoci ta kai har ƙarshen tasha. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan rediyo, ya bi ta har ofis mai labule da sanyin na'ura, inda ake ce mata Malama a gaban baƙi, in baƙin sun fita a koma wa na Goggo.

Tana ƙarama uwarta ta rasu. Tari ne ya ci ta, irin tarin da matan layin masu abinci suka sani sarai, wanda yake farawa da ƙaiƙayin maƙogwaro ya ƙare da kwanciya. Likita ya ce huhunta kamar na wanda ya shekara arba'in yana zuƙar taba, alhali matar ko warin taba ba ta iya jurewa. Goggo, ƙanwar uban yarinyar, ta ɗauke ta ta haɗa da nata 'ya'yan. Rumfa ɗaya Goggo take da marigayiyar, kuma tun daga ranar da aka binne ta Goggo ta ƙulla gaba da hayaƙi. Ta ture duwatsun murhu uku gefe, ta kwaɓa yumɓu da yashi ta gina murhu mai baki biyu, ta rufe shi ruf sai 'yar ƙofar tura ice. Ta samo tsohon bututun ruwa a wajen masu gwangwan ta dasa masa a baya, ya huda kwanon rumfa ya fita sama. Sau huɗu yana tsagewa tana sake gini kafin ya zauna. Ice kuwa ba ta sa shi a wuta sai ya yi wata biyu a rataye a ƙarƙashin kwano, har in ka ƙwanƙwasa shi ya amsa maka kamar ƙarfe. Direbobi sukan yi mata tsiya su ce, "Goggo, yau ma da tsafi kika dafa? Ba mu ga wuta ba." Ita kuma ta ce, "Ku ci ku tashi, masu tsafi ba sa ba da ƙari."

A wannan rumfa Lasifika ta girma. Da ta gama makaranta gidan rediyo ya ɗauke ta karanta sanarwar ɓatan kaya da ta rasuwa, daga baya aka ba ta fili na mako-mako a kan lafiya da muhalli. Shekara tara ta yi a nan. Tana da baiwar da ba kowane mai ilmi ne ke da ita ba. Masani zai zo ya yi ta zuba manyan kalmomi a kan sauyin yanayi, ita kuma ta ce masa, "Malam, tsohuwa tana sauraronmu, tambayarta ɗaya ce: me ya sa damina ta daina cika alkawari?" Sai mutum ya yi dariya ya sauko ƙasa ya yi magana irin ta mutane.

Wannan baiwa ce ta sa wata ƙungiya mai fafutikar tsabtataccen makamashi ta neme ta, ta ba ta kujerar jami'ar yaɗa labarai. Aikinta shi ne ta sa mutane su ji, 'yan majalisa su ji kunya, masu ba da tallafi su ga inda tallafinsu ya shiga. Ta yi aikin kuwa, babu mai ce mata ba ta yi ba. Lokacin da ake neman a cire haraji a kan faifan sola mai ba da wuta daga hasken rana, ita ce ta kwaso ungozomomi goma sha biyu daga ƙananan asibitoci ta jera su a zauren majalisa, kowacce riƙe da tocilar da take karɓar haihuwa da ita. Ba su ce uffan ba, sun dai ɗaga tocilolin. A makon aka cire harajin. Ofishin nasu kuwa, janareto ne ke kaɗa masa sanyi daga safe zuwa yamma, kuma in ta yi magana Daraktan ƙungiyar ya ce ana kan duba lamarin. Ta koyi haɗiye irin wannan. Tana ganin in dai babban aikin yana tafiya, ƙananan abubuwa sai a kau da kai.

A shekararta ta shida ƙungiyar ta tsara ƙudurin doka mai sassa biyu. Sashe na farko ya ce hukuma ta raba wa masu dafa abincin sayarwa murhu na zamani mai tsimin ice. Na biyu ya ce bayan an gama rabon, a hana hura wuta a buɗe a kasuwanni da tashoshi. Lasifika ta ɗauki ƙudurin nan kamar nata na kanta. Duk daren da ta tuna tarin uwarta, washegari takan zo ofis da sabuwar dabara.

Abin da ya rage hoto ne, wanda za a sa a bangon rahoton ƙungiyar da allon talla. Ta ce ai ba sai an je nesa ba, tana da uwa a layin masu abinci. Wata Talata da hantsi ta ɗauki Mai Hoto na ofis suka sauka a rumfar Goggo. Tukwane biyu suna tafasa, Goggo tana yanka albasa, iska tas kamar ba a dafa komai. Mai Hoto ya zagaya, ya durƙusa, ya hau benci, ya ɗauka ta ko'ina. Sannan ya duba abin da ya ɗauka ya yamutsa fuska.

"Malama, wannan ai tallar gidan abinci na ɗauko. Ina hayaƙin?"

"Yana fita ta bututu."

"To a bututun zan rubuta musu su tausaya? Babu hayaƙi, babu labari."

Ta tura wa Darakta hotunan ta waya. Ko minti biyu ba a yi ba ya kira.

"Malama, mutanen da za su kalli hoton nan suna da daƙiƙa uku ne kawai. In ba su ga hawaye ba, sun wuce. Ki nemo mini hayaƙi."

Da ta so, da ta taka rumfa ta gaba, inda hayaƙi yake turnuƙe na gaske. Amma a sana'arsu ba a ɗaukar hoton mutum sai ya sa hannu a takardar yarda, kuma matan layin sun gaji da masu zuwa da kyamara su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu. Goggo kuwa ta riga ta dangwala yatsa tun isowarsu. Ga rana tana neman yin tsaka, Mai Hoto yana cewa haske zai lalace. Sai Lasifika ta matsa kusa da Goggo ta sassauta murya.

"Goggo, duwatsun nan na dā suna nan?"

"Suna bayan rumfa, ina ɗora bokiti a kansu. Me za ki yi da su?"

"Minti goma kawai. Mu nuna wa manya abin da sauran mata ke sha. Ke kin tsira, su ba su tsira ba."

Goggo ta ajiye wuƙar ta ce, "Shekara ashirin da shida rabona da murhun nan, 'yar nan."

"Don Innata, Goggo."

Wannan kalma ce ta karya ta. Aka jera duwatsu a tsakiyar rumfa, aka ɗora tsohuwar tukunya. Aka hura wuta, sai icen Goggo ya kama fes, harshen wuta ja wur, babu ko ɗigon hayaƙi. Mai Hoto ya yi tsaki. Lasifika ta ɗauki moɗa da hannunta, ta yayyafa wa icen ruwa, ta tsinko ɗanyen ganye a bakin kwata ta cusa a ciki. Hayaƙi ya tashi fari fat, mai kauri. Goggo ta sunkuya tana hurawa yadda aka ce ta yi, idanunta suka kaɗa, hawaye ya zubo, ta ɗaga hannu za ta share. A daidai nan Mai Hoto ya danna.

"Shi ke nan!" in ji shi. "Wallahi wannan sai ya ci kyauta."

Ya ci kuwa. Ya hau bangon rahoto, ya shiga jaridu, aka kafa shi a babban allo a shataletalen da ke gaban tasha, fuskar Goggo ta fi ƙofar gida girma. A ƙasa aka rubuta: Hayaƙin nan yana kashe mu duka. Lasifika ce ta tsara kalmomin. Darakta ya sa aka tafa mata a taron ma'aikata.

Ƙudurin ya shiga kwamitin majalisa da ƙafa biyu ya fito da ɗaya. Sashen rabon murhu an ce a jingine shi sai hali ya yi. Sashen hani kuwa aka bar shi daram, aka ma ƙara masa haƙori: duk rumfar da ke dafa abinci da ice a tasha ko kasuwa a rushe ta bayan kwana talatin. Manyan motocin gawayi da ke wucewa ta shataletalen nan kullum, lodi har yana taɓa wayar lantarki, ba a ambace su ba. Gidajen burodi masu cinye kurmi guda a wata, ba a ambace su ba. Janaretocin manyan ofisoshi ma haka. Matan da ke dafa wa direba da ɗan dako abin da zai riƙe cikinsa, su aka ga dama.

Tun kafin majalisa ta kaɗa ƙuri'a, hukumar tasha ta ga hanya ta samu, don dama ta daɗe tana kwaɗayin filin layin ta gina shaguna. Ma'aikatanta suka zo da gwangwanin jan fenti don sa wa rumfuna alamar rushewa. Rumfar Goggo suka fara shafawa. Babbansu ya nuna allon da haɓa ya ce, "Ai ga shugabarsu nan, har hukuma ta san da ita." Goggo ta nuna masa murhunta, ta nuna masa bututu. Ya ce shi ba a aiko shi duba bututu ba.

Rumfa sittin da huɗu aka shafa a ranar. Kafin la'asar matan layin sun daina amsa sallamar Goggo. Uwar Layi, babbar matan layin, wadda suka yi shekara talatin suna aron gishiri a tsakaninsu, ta tsaya a bakin rumfarta ta ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Wasu sun sayar da fuskarsu, mu kuma za a sayar da mu."

Lasifika tana ofis labarin ya same ta. Tana tattara jaka ke nan Darakta ya leƙo da fara'a.

"Malama, ina son sanarwa ga 'yan jarida kafin a tashi. Doka ta farko a kan hayaƙin girki, kuma daga teburinmu ta fito. Ki rubuta ta da zafi."

"Ranka ya daɗe, an cire murhun."

"Za a dawo da shi a zagaye na biyu. Haka aikin doka yake, a ci rabi a jira rabi."

"Rabin da aka ci ɗin mata sittin da huɗu ne. A zagaye na biyun wa za a raba wa murhun, tunda an rushe su?"

Ya zauna a gefen teburinta ya rage murya kamar mai lallashin yaro. "Kin san shekara nawa muna neman a ce mun sa an yi doka? Masu tallafa mana doka suke ƙirgawa. Kada ki bar zumunci ya rufe miki ido."

"Zumuncin ai shi ya samo mana hoton, ranka ya daɗe. A ranar ba ka ce ya rufe mini ido ba."

Ba ta rubuta sanarwar ba. Ta tafi tasha. Ta sami Goggo zaune a benci, tukwane a kife, jan fenti yana ɗiga a jikin kwano. Ta durƙusa ta gaishe ta. Goggo ta amsa gaisuwar daidai wa daida, ba ƙari.

"Goggo, ki yafe mini."

"Me zan yafe? Rumfa? Rumfa kwano ce da katako. Ke 'yar nan, shekara ashirin da shida ina shanya ice kamar mai shanya kayan aure. Mata suna mini dariya suna cewa na cika iyayi. Abu ɗaya nake taƙama da shi a duniyar nan, in mutum ya ci abinci a rumfata rigarsa ba ta wari. Yau jikokina in sun taso makaranta ana nuna musu allo ana cewa ga kakarku mai kashe mutane. Ƙarya aka yi mini, kuma da hannun wadda na goya."

Lasifika ta tashi ta tafi.

Saura mako guda kwamitin ya yi zaman sauraron jama'a kafin a kaɗa ƙuri'a, kuma sunanta ne a jerin masu magana da yawun ƙungiyar. Ta je wajen Mai Hoto ta ce ya ba ta hotunan farko, na kafin a jera duwatsu. Ya yi ta kame-kame.

"Malama, kin san in wannan ya fita, ni da ke babu mai sake ba mu aiki."

"Ba zan kira sunanka ba. Ni na riƙe moɗar."

Ya ba ta, yana cewa shi dai bai san komai ba. Ta bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya tana roƙon matan su zo zaman. Wasu suka juya mata baya. Uwar Layi ta ce, "Za mu zo, ba don ke ba. Mu dai mu ga fuskar masu rushe mu."

Ranar zaman zauren ya cika. 'Yan kwamiti a sama bayan dogon tebur, kowa da robar ruwa a gabansa. Darakta a layin gaba. Matan layi a can baya, an hana su kujeru masu laushi. Goggo ba ta zo ba, ta ce ta gaji da a kalle ta. Da aka kira ƙungiyar, Lasifika ta hau, aka haska hoton nan a bango, zauren ya yi tsit yadda ya saba yi.

"Mai girma shugaba, wannan goggota ce, ita ta raine ni. Hayaƙin da kuke gani ni na yi shi. Icenta busasshe ne, ya ƙi yin hayaƙi, na yayyafa masa ruwa na cusa ɗanyen ganye don hoto ya yi kyau. Ga murhunta na gaskiya."

Aka haska na biyu: murhun yumɓu mai baki biyu, bututu ya miƙe, Goggo tana yanka albasa ido a bushe. Zauren ya ɗauki guna-guni. Darakta ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Shugaban kwamitin ya cire tabarau. "Wato ƙarya kuka kawo wa majalisa?"

"Hoton ƙarya ne, mai girma shugaba. Hayaƙin gaskiya ne, shi ya kashe uwata, kuma yana nan a rumfa sittin da uku. Mun ce ku ba su murhu sannan ku hana. Kun ajiye murhun kun ɗauki sanda. Matar da babu wanda ya ba ta komai, ta gina nata da yumɓu da tsohon bututu, ita aka fara shafa wa fenti. Motar gawayi nawa ta wuce ta ƙofar majalisar nan yau da safe? Wa ya shafa mata fenti?"

"Malama, ba ke ke tambaya a nan ba."

Daga can baya Uwar Layi ta ɗaga murya. "To ni na tambaya! Wa ya shafa mata?"

Aka yi ta buga tebur ana neman shiru. Wani ɗan kwamiti, wanda tun farko hamma yake yi, ya farka ya ce shi dai ba zai sa hannu a dokar da aka gina a kan jiƙaƙƙen ice ba, kada 'yan jarida su yi masa dariya. Ba tausayin matan ne ya kama su ba, tsoron a yi musu dariya ne. Amma ko ta wace ƙofa aka fita, an fita. Aka mayar da ƙudurin don a sake dubawa, aka rubuta wa hukumar tasha ta dakata. Bayan wata huɗu ya dawo da gyara: duk rumfar da ke da rufaffen murhu mai bututu ba za a taɓa ta ba. Rabon murhun zamani kuwa har yau ana jiran hali ya yi.

Takardar sallama ta riga Lasifika isa ofis. An rubuta cewa ta zubar da mutuncin ƙungiya. Wanda ya ce a nemo masa hayaƙi yana nan a kujerarsa. Ta nemi aiki a ƙungiyoyi uku, kowacce ta ce ai ita ce matar da ta ƙirƙiri hoto, kamar su ba su taɓa sa yaro ya cire takalmi kafin a ɗauke shi ba. Tsohon gidan rediyonta ya ba ta rabin sa'a ranar Asabar, da shi take lallaɓawa.

Matan layi kuwa, da suka ji bututu ne zai cece su, sai ga su a rumfar Goggo ɗaya bayan ɗaya, ana sosa ƙeya ana gaisuwa mai tsawo. Goggo ba ta tayar da tsohon zance ba. Ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta bi su rumfa-rumfa tana nuna musu yadda ake kwaɓi, da inda ake barin ƙofar iska. Lasifika ce mai ɗauko ruwa da tankaɗe yashi. Wata biyu Goggo ba ta ce mata komai ba sai "miƙo" da "ajiye", har ranar da suka gama na Uwar Layi ta tura mata kwanon abinci da ƙafa ta ce, "Ci, kin rame kamar ba 'yar mai abinci ba."

Da shekara ta zagayo, Mai Hoto ya aiko mata da sabon rahoton ƙungiyar, ba tare da ya rubuta komai ba. A bango ga Goggo tana yanka albasa a gaban murhunta. A ciki an rubuta cewa ƙungiyar ta ceto sana'ar mata sittin da huɗu ta hanyar sabon murhun yumɓu da ta ƙirƙiro tare da al'umma. Lasifika ta kai rahoton tasha, ta karanta wa Goggo daga farko har ƙarshe, tana cewa wannan karon sai ta kai su kotu.

Goggo ta karɓi rahoton ta juya shi gaba da baya, ta shafa takardar da yatsa.

"Wato su suka kwaɓa lakar, ni kuma bayana ke ciwo?" Ta miƙa mata abinta. "Ki kai su duk inda za ki kai su, ni ba na hana ki. Amma ki fara ɗauko mini yashin nan. Matar rumfa ta tara bututunta ya karkace, tun jiya take jirana."